Girefen da Baba Ya Ɗaure wa Kwamfuta

Ƙanena ne ya zana garkar Baba, ba ni ba. Na fara da wannan ne saboda shekaru da yawa ni aka riƙa tambaya game da zanen, kamar ni na yi shi na kuma ɓoye.

Mu biyu ne a wurin mahaifinmu. Ni ce ta fari, shi ne auta, waɗanda ke tsakaninmu ba su yi kwana ba. Mahaifiyarmu ta rasu tun ina makarantar horon malamai. Da aurena ya mutu na dawo gida Madarumfa, aka ba ni aji a lakwal, wato makarantar firamaren unguwarmu, na ci gaba da zama da Baba, in koyar da safe, in yi girki da rana. Saboda ni ce 'yar fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "Malama" in yana cikin raha. Ƙanena kuwa sunansa ba ya barin bakin Baba, ko a faɗa ko a yabo, kuma yawanci a faɗa ne.

Garkar tana bakin tabki, kewaye da shingen ƙaya. Akwai mangwaro da gwaiba da lemu, lokacin sanyi kuma a shuka salati da albasa da tumatir a tsakaninsu. Amma abin da aka san Baba da shi girefe ne. Zai yanko reshe daga mangwaro mai kyau, ya tsaga ƙaramin mangwaro na gida, ya cusa reshen a tsagar, ya naɗe wurin da leda tam, ya bar shi har ya kama. 'Yan Najeriya masu zuwa sayen dashe suna ce wa abin aure, mu girefe muke cewa. Daga Safo da Sarkin Yamma ana zuwa da amalanke a ɗauki dashen Baba, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce nasa bai yi ba.

Baba ya so ƙanena ya gaje shi. Shi kuwa ya tafi Yamai ya karanta awon ƙasa, ya sami aiki can. Wani hutu ya zo da igiyar awo da wata 'yar na'ura da kwamfutar wurin aikinsu, ya ce zai zana garkar. Kullum da safe yana can yana jan igiya daga itace zuwa itace, Baba na binsa da harara.

"Garkar da nike sani da ƙahwata, ita za ka auna mani?" in ji Baba. "Da ruwa ka ba itacen ga da ka hi samun lada."

Da ya gama, wata rana bayan azahar ya kira ni ɗakinsa ya nuna mini. Ban daɗe ina kallo ba, tukunya na kan wuta. Na dai ga kore da shuɗi da layuka. Shi kuma ya dage sai ya yi mini bayani, kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Ya ce hoto ɗigo-ɗigo ne kamar ƙwayar gero, in ka matso da shi sosai sai ya watse. Nasa ba hoto ba ne, umarni ne: tashi daga nan, ja layi zuwa can, yi da'ira a nan. Duk lokacin da aka buɗe, kwamfuta sabon zane take yi, shi ya sa ko ka ƙara girmansa har itace ɗaya ya cika allon, layin ba zai dushe ba. Na ce madalla, na koma wurin miyata.

Ya ɗauki kwamfutar ya kai wa Baba a zaure. Ina jin su daga madafa.

"Baba, duba garkarka."

"In ina son ganin garkata na san hanya."

Ƙanena ya yi dariya, amma na san irin dariyar. Washegari da zai tafi ya sa zanen a wani ɗan kile, irin wanda ake cusa wa kwamfuta a ɗebi abu, ya ba ni ajiya. Ya ce a Yamai akwai masu buga zane a babbar takarda, zai bugo ya kawo a manna a bangon zaure, Baba ya so ko ya ƙi sai ya gani.

Bai dawo ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Aka kira mu a waya aka ce yana gidan likita, kafin mu shirya aka sake kira. A can aka binne shi. Baba bai ga gawarsa ba, ni ma ban gani ba. Kwamfutar ta koma wurin aikinsu, mu aka kawo mana jakar kaya da takalma.

Da masu gaisuwa suka watse, gidan ya koma shiru irin wanda ban san da shi ba. Da ma can ba hira muke yi da Baba ba, amma da akwai wanda ake jira, akwai wanda za a yi wa faɗa in ya kira. Yanzu sai in kai masa tuwo zaure, in koma in ci nawa a ƙofar ɗaki, rediyo na magana a tsakaninmu ba mai sauraro. Wani lokaci in kama kaina ina yi wa kaji magana da cikakkiyar jimla. Kewa ta dame ni ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, domin wanda ya fi ni kewar yana zaune a zaure ya juya mini baya.

A cikin wannan shekarar idon Baba ya fara. Ya riƙa cin karo da ƙofa, ya riƙa juya kai gaba ɗaya in zai ga abin da ke gefensa. Na kai shi Maraɗi, likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, ganin ne yake tsukewa daga gefe, magani zai rage masa sauri kawai, ba zai tsayar da shi ba. Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, muka hawo mota muka dawo.

Bayan nan da ɗan lokaci, wata la'asar ina zuba masa ruwa a buta, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ke. Abin nan da yaron ga yaz zana, yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Ina so in gani."

Shi ke nan abin da ya ce. Amma na gane. Yana so ya ga aikin ɗansa da ya ƙi kallo, kuma dole ya gan shi tun idon bai rufe ba. Na ɗauka abu ne na kwana ɗaya.

Da safe na kai kilen ofishin diraktanmu, wanda shi kaɗai ke da kwamfuta a lakwal. Muka cusa, muka danna. Shafi ya buɗe, sai wani farin akwati a tsakiya da 'yar alama a kusurwa, ba komai a ciki. Muka rufe muka sake. Dirakta ya ce ƙila cuta ce ta shiga kilen, in kai Maraɗi.

Ran Asabar na tafi. Akwai wata sibar kusa da tasha, shago mai kwamfutoci a jere inda ake shiga intanet. Mai shagon magidanci ne mai tabarau, mai son nuna cewa Faransancinsa ba na kasuwa ba ne. Ya buɗe, farin akwatin ya sake fitowa, da wani ɗan rubutu a samansa. Ya matso ya karanta.

"Madam, kilenki lahiya lau yake. Girefon ne babu."

"Mi?"

"Girefon."

Na duba allon da kaina. Kalmar ce kuwa, da Faransanci, ita dai wadda muke koya wa yara a darasin aikin gona: reshen da ake yankowa a ɗora wa wani itace. Dariya ta kuɓuce mini, ita ce ta farko tun rasuwar. Mutumin ya ɗan tsuke fuska, ya ɗauka shi nake yi wa.

Ya yi mini bayani. Manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda ya kira nabigatar, ba ta iya karanta irin wannan zane da kanta ba. Wani kamfani ne ya yi ɗan ƙaramin abu da ake liƙa mata, shi ke karanta umarnin ya ja layukan. Kwamfutar ƙanena tana da shi, shi ya sa ya buɗe a can. To kamfanin ya ba da sanarwa ya daina, ba ya gyara shi, ba ya kula da shi. Na ce don me? Ya ɗaga kafaɗa ya ce sun ga ba riba ƙila, ko sun ce masu nabigatar su koya wa abinsu da kansu. Raina ya ɓaci. Wasu mutane a wata ƙasa sun zauna a ɗaki mai sanyi sun yanke shawara, ba su san da wani tsoho a Madarumfa ba, ba su kuma da dalilin sani.

Mutumin ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya lalubo tsohon kwafin abin ya sa, sabuwar kwamfutarsa ta ƙi karɓa. Ya gwada wata nabigatar da aka ce ita ta fara koyo da kanta. Wannan ta zana wani abu: layi ɗaya mai lanƙwasa, kewayen garkar, ciki fayau. Ba itace, ba rijiya. Na ce ya buga mini ko hakan ne.

Baba ya karɓi takardar ya fita bakin zaure inda haske yake. Ya kai ta kusa da fuska, yana bin layin da kai maimakon ido.

"Shingen daidai ne. Ga kwanar da munka yi rigima da maƙwabci. To ina itacen?"

Na zauna a ƙasa na fara bayani, ina tsammanin zai katse ni. Da na zo kan kalmar sai ya ɗago.

"Girehe? Odinatar ma ana yi mata girehe?" Haka yake kiran kwamfuta.

"Haka sunka kira shi, Baba. Amma masu yin abin sun bari."

"Wato an sare uwar itacen."

"Kamar haka."

Ya gyara zama. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin wayar nan ta Yamai. Ya yi ta tambaya: a ina ake ɗora shi, wace iri ce ke karɓa, wace iri ce ke ƙi. Na amsa wanda na sani, na ƙirƙiro wanda ban sani ba, don kada hirar ta ƙare. Har aka kira magariba muna zaune. Ban taɓa yin doguwar magana da mahaifina irin ta ran nan ba, kuma na san ba don ni ba ce, amma na karɓa hannu biyu.

Da zai tashi ya ce, "In an sare uwa ai ba shi ke nan ba. Duk wanda yat taɓa yankar reshe gare ta yana da irin. Ki nemi tsohuwar odinatar da anka yi ma girehen tun da."

Na kira mai sibar na gaya masa. Ya ce maganar tsohon ba ta faɗi ƙasa ba, in aka sami tsohuwar kwamfuta da abin ke ciki, zanen zai iya buɗewa. Daga nan na shiga yawo. Na sa wa kilen zare na rataya a wuya, in an tashi daga lakwal in bi ofisoshi, ranar hutu in tafi Maraɗi. Kowa da sabuwar kwamfuta yake alfahari, ni kuma ga ni ina tambayar tsohuwa. Wasu su yi mini kallon mai taɓin hankali. Wani ya ce in ina neman tsofaffin kaya in tafi wurin 'yan gwangwan. A wani ofishin masu aikin rijiyoyi sakatare ya ce tabbas tasu tana buɗe irin wannan taswira, da ita suke aiki a da. Muka cusa, farin akwati. Sai ya tuna ashe kwanan baya an wanke ta tas an zuba mata sababbin abubuwa. Na yi masa godiya, na fito, na tsaya bayan ginin na zagi bango.

Duk dawowar da zan yi Baba na zaure. Ba ya tambaya. Tafiyata kawai yake saurara, daga ita yake gane amsar. Ni kuma ina lura da yadda ya fara lalube kafin ya sami butarsa.

Da babban hutu ya zo, dirakta ya tono wata tsohuwar kwamfutar hannu da aka ba lakwal tun tuni aka manta da ita a kabad, ya ara mini. Na kai wa mai sibar, ya sa mata tsohon kwafin nan. Wannan karon ta karɓa, ba ta yi gardama ba. Muka buɗe zanen, farin akwatin na nan yadda yake. Ya yi ta dannawa har ya gaji, ya ce shi dai iyakar saninsa ke nan. Na naɗe ta a zane na kawo gida, na gaya wa Baba an sa girefen amma bai yi ba.

"Yaushe anka sa?"

"Ɗazu da hantsi."

"Ɗazu da hantsi, kuma kuna so shi kama yau? Ku 'yan lakwal wace irin gaggawa gare ku? Kawo ta nan."

Na ajiye masa a tabarma. Ya shafa ta ko'ina har hannunsa ya kai kan kilen da ke cuse a gefe. Ya ɗan girgiza shi, ya ji yana motsi.

"To ga shi nan! Reshe na rawa, iska na shiga, ta ina za shi kama?"

Na buɗe baki in ce ba kilen ne girefen ba, girefen yana ciki, ba a ganinsa. Ban faɗa ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ledar da yake yankawa siriri don aikinsa. Ya fara naɗewa daga gindin kilen, yana ja yana ɗora kowane zagaye a kan na baya, ya zagayo da ita ta ƙarƙashin kwamfutar, ya ƙulle. Ido bai taimake shi ba, amma ɗaurin ya yi kyau kamar kowane ɗauri nasa. Ya ce a kai ɗakinsa inda rana ba ta bugu, kada kowa ya taɓa sai ya ce.

Da farko abin ya ba ni dariya, na yi ta a ɓoye. Daga baya ya daina ba ni. Kullum da safe kafin ya tafi garka sai ya shiga ya shafa ɗaurin, kamar yadda yake zagaya dashensa. Ina kallonsa daga tsakar gida ina ganin kwanaki na tafiya, idon na tafiya, ni kuma an ɗaure mini kilen, ko yawon nema ba dama in ci gaba. Wata safiya ya yi tuntuɓe da turmi yana fitowa daga ɗakin, ya kusa faɗuwa. Haƙurina ya ƙare.

"Baba, roba ce da ƙarhe! Ba itace ba ce! Ko shekara tay yi a ɗaure ba abin da za ta yi!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya tsaya dafe da bango.

"Na sani roba ce," ya ce. "To ke mi kinka iya yi mata?"

Na shiga madafa na yi kuka, kuma ba duka na tausayi ba ne. Akwai haushi a ciki. Ni ce nake nan, ni ke ɗebo ruwa, ni ke ɗiga masa magani a ido, ni na tsinke takalmi a ofisoshin mutane, amma wanda ake shafawa kowace safiya shi ne wanda ba ya nan. Na ji kishin mamaci, ɗan'uwana da nake so, na kuma ji kunyar hakan a lokaci guda.

Da kwanakin da yake ba dashensa suka cika, ya kira ni. Ya yi bisimilla ya warware ledar a hankali. Na kunna, na danna. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Mi kinka gani?"

"Hwarin akwati, Baba."

Ya daɗe a haka. Sannan ya koma ya jingina.

"Bai kama ba. Yakan hwaru." Ya naɗe ledar a yatsa ya mayar aljihu. "Mai da masu kayansu."

Bai sake tambayar zanen ba. Na ɗan ci gaba da nema, sannan ni ma na gaji. Kilen ya koma ƙasan akwatina. Idon ya ci gaba da tsukewa kamar yadda likita ya ce, har ya zama sai dai ya bambance rana da inuwa, daga baya wannan ma ya tafi. Garkar aka ba wani ɗan ƙanen Baba yana nomawa. Baba ya koma zama a gindin darbejiyar tsakar gida da tasbaha. Hirar nan tamu ta girefe ba ta sake dawowa ba. Muka koma sannu da kwana, ga abinci, ga ruwa.

Shekaru suka wuce. Yaran da na koyar a lokacin wasu har sun yi aure. Sibar nan ta Maraɗi ta zama shagon sayar da waya, domin kowa ya sami intanet a aljihunsa. Wata rana ina gyaran akwati na ci karo da kilen, zarensa ya yi baƙi. Na ji tsoron kada ya lalace, sai na kai lakwal na roƙi wata abokiyar aikina ta kwashe abin da ke ciki ta sa mini a waya. Ba don in buɗe ba, don dai in adana.

Lokacin shan iska ne, yara na ihu a fili, ina zaune ni kaɗai a aji. Na danna sunan abin don in tabbatar ya shiga.

Ya buɗe. Ba gardama, ba tambaya, ba wani rubutu a sama. Garkar Baba ta cika wayar.

Ga shingen, ga tabki shuɗi a gefe. Kowane itace da'ira ce, masu girefe ya cika su da kore, na gida ya bar su fayau. Ga rijiya, ga hanyoyin ruwa siriri-siriri, ga 'yar bukkar da Baba ke ajiye kayan aiki. Na buɗa yatsu biyu a kan allon, itace ɗaya ya girma ya cika shi, layin na nan tsaf kamar yanzu aka ja. Na je na nuna wa abokiyar aikina, ta ce ai yanzu kowace nabigatar tana karanta irin wannan da kanta, an daɗe da gyarawa, ba a bukatar liƙa komai. Ta faɗe shi kamar labarin farashin tumatir. An daɗe da gyarawa. Ba wanda ya gaya mini, kuma wa zai gaya mini? Na koma aji na zauna ina kallon zanen, ni kaɗai a duniya da na san abin da ake kallo.

A hanyar gida na yi ta shawara ko in yi shiru. Me zan ce wa makaho? Amma da na shiga na gan shi a gindin darbejiya, bakina ya riga ni.

"Baba, zanen ya buɗe."

Tasbahar ta tsaya. "Wane zane?" ya ce, alhali ya sani.

Na sa masa wayar a hannu. Ya shafa allon da babban yatsa, sama da ƙasa, ya juya ta ya shafa bayanta.

"Santsi kawai," ya ce, ya miƙo mini.

Na fara gaya masa abin da ke ciki, ga kore ga shuɗi, sai na ji maganar ba ta zuwa ko'ina. Na tashi na ɗebo ruwa na yayyafa a ƙasar da ke gabansa har ta yi laushi. Na samo tsinken kara. Waya a hannun hagu, kara a dama, na durƙusa na fara kwafa. Na ja shingen da zurfi yadda yatsa zai ji. Na ja hanyoyin ruwa. Na tsinto tsakuwa na dasa a wurin masu girefe, na yi 'yan ramuka a wurin na gida, na kifa murfin kwalba a wurin rijiya. Ya ɗauke ni lokaci, gwiwoyina suka yi ciwo. Baba yana sauraron ƙarar karan.

Da na gama na kama hannunsa na sauko da shi daga tabarma, na ɗora yatsansa a ƙofar garkar.

Ya bi shingen a hankali har ya zagayo. Sannan ya shiga ciki. Duk tsakuwar da ya taɓa sai ya faɗi ko wace ce: wannan daga Jibiya ya samo reshenta, wannan ita ce mai 'ya'ya da wuri, wannan sau biyu tana ƙin kamawa. Muryarsa ta yi ƙarfi. Ya ce yaron ga ashe ya ƙirga har da 'yar gwaibar bayan bukka. Ya ci gaba da lalube har ya kai kan murfin kwalbar. Ya tsaya. Ya koma kan tsakuwar da ke kusa, ya auna da taƙi, ya sake dawowa.

"A'a. Ba nan rijiyar take ba. Ya matsar da ita gabas." Ya ɗaga kai, ransa a ɓace sosai, irin ɓacin ran da na yi shekaru ban ji ba. "Duk igiyar nan da yaj ja! Nac ce mishi garka ba a saninta da igiya. Ke, kira mani shi."

A fuskarsa na ga lokacin da ya tuna babu wanda zan kira.

Wayar na hannuna. Dubawa ɗaya zan yi in san ko ƙanena ne ya yi kuskuren, ko ni ce na kauce wurin kwafa. Ban duba ba. Na miƙa hannu zan matsar da murfin inda ya ce, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar ta inda yas sa ta."

Ya ɗora tafinsa a kan murfin ya rufe shi. Aka kira la'asar, na kawo masa buta na ajiye a gefensa, bai ɗaga hannun ba.